Malam Abdullahin Gwandu da Darasin Ƙasar Zamfara

 Ya ku 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako filinmu zai kawo muku tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Mujaddadi Shehu Usmanu kuma wazirinsa, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu, Allah Ya jiƙansa. Mun zaɓe shi ne domin rayuwarsa ta amsa wata tambaya da ke damun mutane da yawa a yau, musamman a yammacin Zamfara, wajen Anka da Gummi da Bukkuyum, watau mene ne ke sa wa'azi da doka su canja halin jama'a a wani lokaci, sa'an nan a wani lokacin su wuce kamar ba a yi ba? A ƙasar Zamfara Malam Abdullahi ya ga abubuwan nan biyu da idonsa, kuma abin da ya gani shi ya bi da sauran rayuwarsa har ya koma ga Ubangijinsa.

An haifi Malam Abdullahi a shekarar 1180 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1766 ko 1767 ta Miladiyya, Shehu ya girme shi da shekara goma sha biyu. Sunan mahaifinsu Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsu kuwa Hauwa'u. Ya karanci Alƙur'ani a wurin mahaifinsa, da ya kai shekara goma sha uku sai aka danƙa shi a hannun wansa Usmanu, wanda ya karantar da shi tauhidi da fiƙihu da nahawu da waƙoƙin Larabawa. Daga baya ya zauna gaban malamai masu yawa, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, kuma ya lissafta su a cikin littafinsa mai suna Ida'un Nusukhi. Tun yana saurayi aka san shi da ƙwarewa a harshen Larabci, har ya zama idan wata wasiƙa ta zo wa Shehu a waƙe, shi ake sa wa ya mayar da amsa a bisa ma'auni da amsa-amon da aka aiko ta.

Shehu ya fara kiran jama'a yana da kimanin shekara ashirin, daga Degel ya fita zuwa ƙasar Kabi, Abdullahi na biye da shi. Wajen shekarar 1786 suka nufi Zamfara, suka zauna cikinta kimanin shekara biyar, a garuruwa irin su Faru da Daura, watau Daurar Zamfara. Ya kamata mai karatu ya san halin da ƙasar take ciki a lokacin. A cikin shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafa Alƙalawa a kan ƙasar Zamfarawa, gidan sarautar Zamfara ya tarwatse yana ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, bai sami mazauni tabbatacce ba sai daga baya da ya zauna a Anka, inda yake har yau. Ƙasar da ta rasa mai tsawatawa, ga haraji ga yaƙi, dole al'amuranta su taɓarɓare. Malam Abdullahi da kansa ya siffanta ta da cewa jahilci ya rinjayi mutanenta a wancan zamani, ko da yake akwai manyan malamai a cikinta, har Shehu ma ya ɗauki tafsiri a wurin waɗansu daga cikinsu.

To, da me suka shiga Zamfara? Ba su da runduna, ba su da sarauta, ba su da kurkuku. Abin da suke da shi karatu ne da haƙuri. Muhammadu Bello ya ba da labarin yadda Shehu yake wa'azi: yakan fito da sakin fuska, ya yi wa jama'a sallama, ya yi musu magana da harshen da suke ji, ba ya ƙosawa da mai tambaya ko da tambayar tasa ta rashin ladabi ce. Yakan fara da sanin Allah, sa'an nan tsarki da salla da azumi da zakka, sa'an nan hukunce-hukuncen ciniki da aure. Daga nan sai ya shiga cututtukan zuciya, irin su girman kai da hassada da riya da rowa da son matsayi, ya kuma bayyana magungunansu, watau tuba da tsoron Allah da gudun duniya da dogara ga Allah da tsarkake niyya. Ya yi ta faɗa da tauye mudu, da algus a cikin abin sayarwa, da danne gadon mata da marayu, da yanka ga itatuwa da duwatsu. Waɗannan duka al'amura ne da talaka ke haɗuwa da su kowace rana a kasuwa da cikin gida, saboda haka ya gane cewa maganar ta shafe shi.

A Daurar Zamfara ne wani babban malami, Mustafa Gwani, ya aiko wa Shehu da waƙa yana zarginsa da barin mata suna halartar wa'azi tare da maza. Shehu ya umurci Abdullahi ya amsa. Amsar da ya bayar ta nuna irin ma'aunin da yake auna al'amura da shi tun yana ɗan shekara ashirin. Ya musanta cewa ana cakuɗa maza da mata, sa'an nan ya ce ko da an ɗauka akwai wata ɓarna cikin fitowarsu, barin su cikin jahilci ba su san farillan addininsu ba ya fi ta girma, kuma ƙa'ida ce a shari'a a kawar da babbar cuta ta hanyar ɗaukar ƙarama. Wannan matsayi shi ne ya yi 'ya'ya daga baya, lokacin da Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara jajis da 'yan taru suna kai karatu ga matan ƙauyuka.

A shekarar 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu, Abdullahi na tare da shi, ya ƙi karɓar dukiyar, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke tsare, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Masana tarihi sun ambaci cewa cikin waɗanda aka saki har da Abarshi na gidan sarautar Zamfara. Ku duba, 'yan'uwa, malamin da ke hana mutane kwaɗayi an miƙa masa zinariya a gaban dubban jama'a ya kau da kai, ya roƙa wa fursuna da talaka. Wannan aiki guda ya fi wa'azin shekara tasiri, domin mutane sun ga mai maganar ya fara ɗaure kansa da ita. Shi ya sa suka bar Zamfara da mabiya masu yawa, kuma sunan Jama'a ya zama abin ƙauna a ƙasar.

Bayan rasuwar Bawa al'amura suka canja. Sarki Nafata ya hana rawani da lulluɓi, ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu, ya kuma ce wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin ubansa. A zamanin Yunfa aka kai wa Gimbana hari, garin Malam Abdussalami, sai rikici ya fito fili. A watan Fabrairu na 1804 Jama'a suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, inda Abdullahi ya zama na farko da ya yi wa Shehu mubaya'a. Shi ne kuma ya jagoranci rundunar da ta yi nasara a Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara. Amma a ƙarshen shekarar aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, aka rasa kimanin mutum dubu biyu, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen ɗari biyu. Cikin waɗanda suka faɗi a wannan rana akwai malamai da almajirai da yawa, waɗanda suka san abin da ya halatta a yaƙi da abin da ya haramta.

Da yunwa ta matsa musu, a farkon 1805 suka koma Zamfara suka sauka a Sabon Gari, domin suna da masoya a can, kuma Zamfarawa ba su manta da abin da Gobir ta yi musu ba. Daga nan ne Abdullahi ya fita ya ci Birnin Kabi a watan Afrilu. Sai dai Jama'ar da ta dawo Zamfara ba irin wadda ta bar ta ba ce. Ta ƙaru da mutane masu yawa waɗanda nasara ta jawo su, ba su zauna gaban malami ba, ga yunwa, ga makami a hannu. Suka shiga ɗibar abincin talakawa, suna taɓa dukiyar waɗanda suka karɓe su hannu biyu. Muhammadu Bello bai ɓoye wannan ba a cikin Infaƙul Maisuri, ya nuna cewa zaluncin waɗansu mutanensu ne ya juyar da zukatan Zamfarawa. Cikin 'yan watanni ƙaunar da aka gina a shekara biyar ta rushe, Jama'a suka tashi zuwa Gwandu, garuruwan Zamfara da yawa suka koma bayan abokan gaba.

Abin bai tsaya nan ba. A ƙarshen 1805, rundunar da ta fita daga Gwandu don tarbar Gobirawa da Azbinawa ta auka wa garin Kwalde, wanda ke zaman amana da Musulmi, ta washe shi. Abdullahi da Bello suka yi iyakar ƙoƙarinsu su hana, ba a saurare su ba, har ran Bello ya shiga haɗari. Bayan 'yan kwanaki aka karya wannan runduna a Alwasa, aka rasa kimanin mutum dubu. A wurin Malam Abdullahi waɗannan abubuwa biyu a haɗe suke: rundunar da ta ci amana ta riga ta karye tun kafin ta ga abokin gaba.

Daga wannan lokaci zuciyarsa ba ta sake kwanciya ba. A shekarar 1807, runduna na kan hanyar Alƙalawa, sai ya ware da 'yan mutane kaɗan ya fuskanci gabas da niyyar tafiya Makka da Madina, ya bar jihadin da yake ɗaya daga cikin manyan jagororinsa. A cikin Tazyinul Waraƙati ya bayyana dalilinsa. Ya ga abokansa na gaskiya sun ƙare a fagen fama, an bar shi cikin mutanen da himmarsu ita ce mulkin garuruwa da neman muƙami, da tara ƙwaraƙwarai da tufafi masu tsada, da dawakan da ake sukuwa da su cikin gari, da cin ganima da rashawa, da kaɗe-kaɗe, alhali masallatai da makarantu sun zama kango. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne waɗansu har 'ya'ya suke kamawa su sayar a kasuwa. Bai keɓe kansa daga zargin ba, ya ji tsoron kada shi ma ruwan ya ci shi.

Da ya isa Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, sai Jama'ar wurin suka tare shi suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda za su tafiyar da mulki, domin sun karɓi gari amma ba su san abin da za su yi da shi ba. Ya ga irin cutar da ya gudo wa ta riga shi zuwa. A nan ya gane cewa tafiyarsa ba za ta gyara kowa ba, sai ya fasa. Ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, mutane suka tuba, suka farfasa kayan kiɗa, har aka mayar da gangunan katako abin zuba wa dawaki abinci. Littafin ya yi bayanin yadda ake naɗa shugaba da abin da ke wuyansa, da ayyukan waziri da alƙali da mai hisba, da hukunce-hukuncen jihadi da siyasar shari'a. Ya ɗauko da yawa daga nasihar da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa shekara ɗari uku kafin nan. Ya tsananta a kan cewa kada shugaba ya ɓuya wa talakawansa, kada ma'aikaci ya karɓi kyauta saboda muƙaminsa, a riƙa binciken dukiyar waɗanda aka naɗa, kuma kada sarauta ta zama gado. Mai lura zai ga cewa yawancin dokokin nan masu mulki suka fara hawa kafin talakawa. Wannan shi ne darasin Sabon Gari da Kwalde, ya mayar da shi littafi.

Ya komo Gwandu, Alƙalawa ta faɗi a 1808, shi kuma ya jagoranci yaƙe-yaƙe a yamma har ƙetaren Kwara. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello, Abdullahi ya zauna a Boɗinga kusa da Shehu da ke Sifawa. A waɗannan shekaru aka sami saɓanin fahimta tsakanin wa da ƙane, kuma yana da amfani mu san shi. Abdullahi yana ganin a hana kiran shugaba da sunan sarki, a hana tambura da tufafin alfarma, domin a ganinsa ta ƙananan ƙofofi irin waɗannan tsohon hali ke komowa. Shehu kuwa, a cikin littattafai irin su Najmul Ikhwani, ya zaɓi sauƙaƙawa a inda malamai suka yi saɓani, don kada a ɗora wa jama'a abin da ba za su iya ɗauka ba, a kuma daina saurin tuhumar Musulmi. Abdullahi ya bayyana nasa ra'ayi a Liya'us Sulɗani. Kowanensu ya kawo hujja, ba wanda ya zagi ɗan'uwansa, ba wanda ya janye daga bayan wani a salla. Dukansu sun yarda a kan zalunci da rashawa da cin amana babu sassauci, saɓaninsu a kan abin da bai kai nan ba ne.

Jarrabawa mafi tsanani ta same shi a 1817. Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu, kafin Abdullahi ya iso an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, ya tarar da ƙofar gari a rufe. Shi ne babba, shi ne mafi ilmi a cikin waɗanda suka rage, shi ne kuma ya rubuta cewa kada mulki ya bi gado. Yana da mabiya da zai iya tayar da fitina da su. Sai ya juya ya tafi Gwandu bai zare takobi ba. Bayan 'yan shekaru, da tawayen Kalambaina ya tsananta a kansa, Bello ya zo da runduna ya taimake shi. Labarin da aka gada ya nuna cewa da suka haɗu Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Mutumin da ya zargi waɗansu da son muƙami, ranar da muƙami ya kuɓuce masa ya nuna cewa abin da ya faɗa har zuciyarsa ne.

Daga nan ya bar yawancin harkokin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya bar littattafai masu yawa. A tafsiri akwai Liya'ut Ta'awili, wanda aka buga a Alƙahira a 1961, da Kifayatu Lu'afa'is Sudani. A nahawu akwai Albaharul Muhiɗu, a sarfu akwai Alhisnur Rasinu. Ya yi rubutu a kan hisba, da hukuncin mallakar ƙasa, da gyaran zuciya, kuma cikin na ƙarshen rayuwarsa akwai Tahzibul Insani, a kan tsarkake mutum daga halayen Shaiɗan. Watau ya ƙare a inda aka fara a Faru da Daura, wajen gyaran zuciya. Ya rasu a Gwandu a shekarar 1245 ta Hijira, 1829 ta Miladiyya, a can kabarinsa yake. Babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato sunansa yake ɗauke da shi.

To, 'yan'uwa, me za mu ɗauka? An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, kuma ita ce ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999, aka fara aiki da ita a Janairu na 2000. Duk da haka mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum sun ga shekaru na satar shanu da ƙone ƙauyuka da kama mutane don kuɗin fansa, wanda ɗan'uwan sayar da 'ya'ya ne da ya kori Malam Abdullahi daga runduna. Laifin ba na shari'a ba ne, kamar yadda ɓarnar Kwalde ba laifin littattafan Shehu ba ce. Tarihin wannan bawan Allah ya nuna cewa doka tana shiga halin mutane idan an karantar da su ita tun kafin a ba su iko ko makami, idan ta taɓa abin da ke damunsu na mudu da gado da haraji, idan kuma sun ga mai kiran ya fara zartar da ita a kan kansa. Ya nuna kuma cewa yunwa da zalunci suna rushe tarbiyyar shekaru cikin 'yan watanni, saboda haka wanda ke son gyaran hali dole ya kula da abincin talaka da haƙƙinsa.

Wannan nauyi yana kan kowa gwargwadon abin da ke hannunsa: malami a kan abin da yake karɓa daga masu mulki, alƙali da hakimi da ɗan sanda a kan kyautar da ake kawo musu, ɗan sa-kai a kan wanda ya kama ba da hujja ba, ɗan kasuwa a kan dabbar da ya san ta sata ce, mai gida a kan karatun matansa da 'ya'yansa. Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi da Shehu da sauran magabata, Ya kawo zaman lafiya a ƙasar Zamfara da Nijeriya baki ɗaya, Ya ba mu ikon aikata abin da muke faɗa.